Shekara Uku Tana Rubuta Ƙauyenmu

A unguwar Mansur an san ni da abu biyu, ɗinki da Turanci. Ɗinkin gaskiya ne, na fi shekara talatin a kan keke. Turancin kuwa suna ne kawai ya bi ni. Aji bakwai na yi a firamare, na shiga sakandare na yi shekara guda da 'yan watanni, mahaifina ya rasu, na ajiye karatu na kama allura. Amma a layinmu wannan ɗin ma ya isa a kira mutum ɗan boko. Wanda aka ba shi magani a asibiti, ni yake kawo wa kwalin in karanta masa. Wanda aka aiko wa takarda daga gida, shagona yake nufa. Ban taɓa gyara wa kowa zancen ba, domin yana mini daɗi.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini, kuma a nan Makka aka haife ta. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin mai shagon da nake yi wa aiki, amma mahaifiyarta da Umara ta shigo ta zauna, saboda haka yarinyar ta taso ba ta da takarda ko ɗaya da za a nuna a makaranta. Wurin wata tsohuwa a cikin unguwa ta yi Alƙur'ani da Larabci da ɗan lissafi. Baƙaƙen Turanci da ƙaramin karatu ni na koya mata tun tana ƙarama. Tana da shekara goma sha uku mahaifiyarta ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata bakwai yarinyar nan ita ke auna magani, ita ke juya ta a gado, ita ke lura da lokacin allura. Bayan an yi sadakar arba'in muka rage mu biyu a ɗaki biyu, hawa na uku.

Larabci ne harshenta. Hausa da ni kaɗai take yi, ita ma rabi da rabi, ko Baba ba ta ce mini sai Abuya. Wata rana muna karyawa da burodin tamis da wake ta ce, "Abuya, ina so in zama nas."

Na ce, "Allah ya nufa."

Ta ce, "Ba addu'a kaɗai nake nema ba. Ta ina ake bi?"

A ranar na kira ɗan ƙanwata da ke koyar da kimiyya a Zariya. Ya ce hanya ɗaya ce, sai ta zo gida ta rubuta jarrabawar gama sakandare daga waje, kamar yadda waɗanda ba sa cikin makaranta suke yi. Ya ce, "Kawu, lissafi da kimiyya ka bar mini. In kanta yana ja, shekara guda a hannuna ta isa. Amma Turanci ba ya nuna a shekara guda. Kuma in ta faɗi Turanci, ko ta cinye sauran duka, babu makarantar jinya da za ta dube ta. Ka samo mata malami tun daga can."

Na ce, "Malami? Ni ina ina?"

Ya ce, "Kawu, ai Turancin yanzu..."

Na ce, "An sake haifarsa ne bayan na baro?"

Ya yi dariya ya bar zancen, don ba zai ja da ni ba.

Littattafan sai da muka jira aikin Hajji suka iso. Wata maƙwabciyar ƙanwata ce ta zo da su, na je har masaukinsu a Misfala na karɓa. An ƙunsa su cikin jaka ɗaya da kuka da daddawa, shi ya sa duk shekarar farko in aka buɗe littafin nahawu sai ɗaki ya ɗauki ƙanshin miya. Guda uku ne, na aji huɗu da biyar da shida na sakandare. Na jera su a kan teburin yanka na daɗe ina kallonsu.

Daga nan na zauna na tsara makarantata. Na ɗauko kwalin da ake naɗe yadi a jikinsa, na ja layuka da rular ɗinki. Ban bi zangon karatun Najeriya ba, na bi na Makka. Zango na farko daga Muharram zuwa ƙarshen Rabi'u Sani. Na biyu har tsakiyar Sha'aban. Azumi babu makaranta, domin lokacin ɗinkin Sallah ne, ko kaina ba na iya ɗagawa. Sai ɗan gajeren zango daga Shawwal zuwa shigowar alhazai. Kowane littafi shekara guda. A cikin mako kuma Asabar nahawu, Lahadi karatu da amsa tambayoyi, Litinin sabbin kalmomi ashirin, Talata taƙaita labari, Laraba insha'i, Alhamis bita. Muna farawa in na dawo daga sallar Asuba, mu tashi ƙarfe takwas in tafi shago, ita kuma ta yini a ɗaki ita kaɗai da aikin da na bar mata. Na rataye kwalin a bayan ƙofa. Har yau in na tuna yadda na ja da baya ina duba shi, hannu a ƙugu, sai kunya ta kama ni.

Kafin mu kai rabin littafi na ɗaya ta kamo ni. Abin da nake yi, in tafi da littafin shago a ɓoye cikin ledar yadi, in karanta darasin gobe da ƙamus tsakanin wannan riga da waccan. Nahawu bai ba ni wuya sosai ba, tunda akwai amsoshi a bayan littafin. Insha'i ne ba shi da amsa a baya.

Taken farko da muka tarar shi ne a kwatanta ranar kasuwa a ƙauyenku. Ta karanta sau biyu ta ɗago kai.

"Abuya, mene ne ranar kasuwa? Kasuwa ba kullum take ci ba?"

Na yi dariya har da tari. Na ce ta ajiye biro ta saurara. Na ba ta labarin kasuwar ƙauyenmu da ke ci ran Litinin, yadda tun hantsi za ka hango jakuna sun jero daga gabas da buhunan gyaɗa, da rumfar mahauta da ƙudanta, da matan Fulani da ƙwaryar nono a gindin tsamiya, da mai maganin gargajiya da ke zuwa da kunkuru a cikin kwano don ya tara jama'a. Na yi kusan awa guda ina magana. Tun rasuwar mahaifiyarta ban buɗe baki na yi doguwar magana haka ba. Ita kuwa tana ta rubuta abin da nake faɗi da baƙaƙen Larabci a gefen takarda. Da na dawo da yamma ta mayar da shi Turanci, shafi biyu cif, rubutu kamar na inji. Na karanta, na gane jakuna, na gane tsamiya. Na ɗauki jan biro na yi mata maki.

Haka abin ya zauna. Kowace Laraba in duba take, in kishingiɗa, in ba da labari da Hausa, ita ta juya. Yadda ake noman gero. Ruwan farko na damina. Bikin kamun kifi. Wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kan rufin aji da ke yoyo, wannan ma rufin ajinmu ne na firamare. Yarinyar da ba ta taɓa ganin gona ba, ba ta taɓa zama a aji mai benci ba, ta cika littafi bayan littafi da ƙuruciyata.

Sau ɗaya ta gwada nata. Na makara ban ba ta labari ba saboda wani mai gaggawa ya buga mini ƙofa da sassafe, na ce ta jira gobe. Da na dawo sai ta tare ni da takarda, fuskarta a sake. Taken shi ne a rubuta kan wata sana'a da ake yi a unguwarku. Ta rubuta kan matan da ke kasa kaya a bakin titin Mansur, masu yaji da kuɓewa busasshiya da turaren wuta. Daga tagarmu take kallonsu kullum. Ta karanta mini, tana fassarawa da Hausa inda ta ga na yi shiru. Ta faɗi yadda kowace take shimfiɗa kayanta a kan zane mai kusurwa huɗu a ɗaure da igiya, don in an hango motar baladiyya, wato hukumar gari, a ja igiya ɗaya kaya su tattaru a ruga. Ta faɗi wata tsohuwa da ba ta iya gudu, sai dai ta zauna a kan kayanta ta rufe da abaya ta ɗaga hannu kamar mai addu'a. Turancin ya fi na kullum karkacewa, ko ni na ga haka. Amma ina jin ta ina ganin matan.

Na ce, "Ba a rubuta wannan."

Ta ce, "Don me?"

Na ce, "Mai duba takarda mutumin Najeriya ne, Najeriya yake so ya gani. Kina so daga layin farko ya san 'yar takari ce marar takarda?"

"Amma shi na sani, Abuya."

"Abin da kika sani ba zai ci miki jarrabawa ba. Gobe zan ba ki labarin masu jimar fata."

Ta ninke takardar ta ce, "Ɗayyib," wato to. Ba ta sake kawo mini nata ba.

A lokacin na yarda da abin da na faɗa mata, ko kuma na ce rabinsa. Ina tsoron a raina ta. Ɗaya rabin sai daga baya na iya kallonsa. Laraba ita ce ranar da na fi so a mako. A garin nan babu wanda ya san ƙauyenmu, babu wanda zai zauna ya ji ni. Na samu mai saurare wadda ba za ta iya tashi ta tafi ba, na kira abin darasi.

A shekara ta biyu wasu mata da miji suka tare a hawan da ke ƙasa da mu. Mijin injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, matar kuwa ta shekara da shekaru tana koyar da Turanci a sakandare a Bauchi kafin ta biyo shi. A nan ba ta da aikin yi sai zaman ɗaki. A saman bene wurin shanya suka haɗu da 'yata, hira ta kai su ga littafin insha'i. Bayan kwana biyu mijin ya tare ni a matakala ya ce in na ba da izini suna so su shigo gaisuwa bayan La'asar.

Suka zo. Yarinya ta kawo shayi ta koma bayan labule. Bayan gaisuwa Malamar ta ɗora littafin a cinyarta ta ce, "Baba, yarinyar nan Allah ya ba ta kai. Kuma ƙoƙarin da ka yi, ba kowane uba zai yi ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Sai dai na karanta littafin nan daga farko har ƙarshe, ban gan ta a ciki ba. Wani dattijo na gani yana ba da labarin noman gyaɗa, kuma ya iya labari. Na ce ta rubuta mini layi biyar kan abin da ta yi jiya. Ta riƙe biro tana kallon bakina, tana jira in fara. Baba, a ɗakin jarrabawa babu wanda zai fara mata."

Na ɗauki kofina na kurɓi shayi.

Ta buɗe wani shafi. "Sannan akwai wuraren da aka yi wa maki, da an gyara su da ya fi. Ba laifi ba ne, kowa yana bukatar ido na biyu. Ka ba ni ita sau biyu a mako, saboda Allah. Tsarinka yana nan yadda yake, insha'in kawai zan karɓa."

Mijin ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri ka ba ta. In ba ta samu ɗaliba ba ni take gyara wa Turanci a kan abinci. Jiya sai da na maimaita jimla uku kafin a ba ni nama."

Ita ta harare shi tana dariya. Ni ban yi ba. Abin da kunnena ya riƙe kawai shi ne wuraren da aka yi wa maki. A gaban namiji ɗan'uwana, kuma 'yata tana ji a bayan labule. Na nuna kwalin da ke bayan ƙofa na ce, "Malama, mun gode. Muna da tsarinmu."

Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "To Baba, ƙofata a buɗe take." Suka shanye shayi suka sauka.

Da yamma na ce wa yarinyar kada ta ƙara sauka wurinsu, kuma ta riƙa shanya da sassafe. Na ce su masu takarda ne, ita ba ta da ita, baki kuma ba a san inda zai kai magana ba. Ƙarya ce, mutanen nan ba su da wannan halin, kuma na sani.

Ta ce, "Abuya, ko sau ɗaya a mako?"

Na ce, "Ni ban ishe ki ba?"

Na san ba ta da amsar da za ta ba ni, shi ya sa na yi tambayar. Ta tattara kofuna ta shiga wanki.

Muka ƙarasa littafi na biyu, muka shiga na uku, muka gama shi kwana tara kafin lokacin da na rubuta a kwali. Na yi alfahari da wannan kwana taran a shago. Ba a jima ba aka ba marasa takarda dama su fita daga ƙasar ba tare da hukunci ba. Na yi ta zirga-zirga har aka ba ta takardar tafiya. Mun san in ta fita dawowarta ba nan kusa ba ce. Na raka ta Jidda da akwati ɗaya, rabinsa littattafan insha'i ne, don na ce ta haddace su a hanya. Na ce mata ina nan tafe in na kammala wasu abubuwa. Ban bi ta ba. Ga aiki, ga kabarin mahaifiyarta, ga kuma tsoron komawa garin da duk wanda na sani ya mutu ko ya manta ni.

Ɗakin ya yi mini girma. In na dawo daga Asuba sai in rasa abin yi da awa biyun nan. Na gwada barci, bai zo ba. Na gwada buɗe shago da wuri, babu mai kawo ɗinki a lokacin. Sai in zauna a bakin taga in ga masu shara, in ga mai gasa tamis yana kunna wuta, in ga motocin ma'aikata suna ɗiban mutane. Wani lokaci in ji motsin kujera daga hawan ƙasa, in san Malama ta tashi.

Bayan wata biyu ɗan ƙanwata ya kira. Ya ce, "Kawu, lissafi ba laifi. Nahawu kuwa kamar ta haɗiye littafin. Kuma ta fi yaran da aka haifa a nan sanin noman gero, sai dai ranar da muka wuce gona ta tambaye ni sunan wannan doguwar ciyawar." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Amma insha'i, Kawu. In na ba ta take sai ta ce in fara ba ta labarin. Wa ya koya mata haka?"

Na ce, "Baƙunta ce, za ta sake."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi malamin kimiyya ne, kuma shekarar duka kimiyyar ta cinye ta.

Da sakamako ya fito ta ci komai ban da Turanci. Ita ta kira ni da kanta. Muryarta ba kuka a ciki, da ma ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta me ya faru.

Ta ce, "Babu ko ɗaya daga cikin naka da ya fito. Akwai wanda aka ce ka faɗi ra'ayinka kan wani abu. Ban taɓa faɗin ra'ayina da Turanci ba. Sai wanda aka ce ka ba da labarin ranar da ba za ka manta ba."

Na ce, "To ai wannan mai sauƙi ne."

"Ina da ranar, Abuya. Ranar da Ummi ta rasu. Na san ta da Larabci tun daga safiya har dare. Na ɗauki biro na rasa ta ina ake shiga. Na zauna ina kallon agogo har aka ce saura minti ashirin. Sai na fara rubuta ranar da jaki ya kayar da kai a rafi. Ban kai inda ka faɗi ba aka karɓe takarda."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce amin.

Na yi niyyar sauka in gaya wa Malama, in ce mata ita ce da gaskiya. Na yi niyyar fiye da sau goma. Ina haɗuwa da mijin a matakala, ya ce, "Baba, ya labarin 'yarmu?" in ce lafiya lau, in wuce. Ranar da na daure na ƙwanƙwasa ƙofar, wani yaro da ban sani ba ya buɗe, bayansa akwatuna ba a kwance ba. Aikin mijin ya ƙare, sun koma gida tun makon da ya wuce, ina shago.

Shekara ta zagayo, yarinyar ta sake zaman jarrabawar. Wannan karon ɗan ƙanwata ya samo mata malamin Turanci na wata huɗu. Ya ce ta matsa sosai, amma abin da aka shekara uku ana kafawa ba ya tumɓukuwa a wata huɗu. Kaɗan ya rage, ba ta haye ba.

Na bar kwana uku ban kira ba. Ran na huɗu na rufe shago da wuri na hau ɗaki. A nan ana shirin Magariba, a can ƙarfe huɗu saura. Bayan mun gaisa na ce akwai maganar da nake so in faɗa mata, ta bari in kai ƙarshe.

Na ce, "Ban gama sakandare ba. Shekara guda na yi da 'yan watanni."

Ta ce, "Na sani, Abuya."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Tun littafi na ɗaya. Nakan yi kuskure da gangan in ga ko za ka kama. Sai ka yi maki."

Na rasa inda zan sa kaina, ko da yake ni kaɗai ne a ɗakin. Na ce, "Kin sani, kika yi shiru shekara uku?"

"Wa zan gaya wa? Kai kaɗai gare ni. Kuma in kana ba da labarin nan fuskarka takan dawo yadda take kafin Ummi ta kwanta. Ban iya katse ka ba."

Na ce mata Malamar nan gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce tun tana zaune a ɗakin. Na ce ba tsoron hukuma ya sa na hana ta sauka ba, girman kai ne. Na ce ta yafe mini. Na ce ta sake zama karo na uku, ni zan nemo lambar Malamar ko ta wace hanya.

Ta bari na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Na yafe maka, Abuya, wallahi tun tuni. Amma ba zan sake zama ba. Na gaji. Yanzu ko farar takarda ba na son gani." Ta ce wata Islamiyya a bayan gidan gwaggonta ta ɗauke ta tana koyar da Larabci, yara suna son ta, suna kwaikwayon yadda take magana. Ta ce ita ma sana'a ce.

Na ce, "Nas ɗin fa?"

Ta ce, "Khalas, Abuya, ya wuce. A bar shi."

Na ji hayaniyar yara ta taso a bayanta, wata ƙaramar murya tana kiran Malama, Malama. Ta ce lokacin shiga aji ya yi, in kula da ƙafata, in daina hawa bene da sauri. Na ce to.

Tun daga ranar ba mu sake ta da zancen ba. Takan kira ni sau ɗaya a mako, mu yi minti biyar ko shida. Ta tambayi ƙafa, in tambayi ɗalibai. Ƙanwata ta ce mini in an yi rashin lafiya a gidan ita ake tasa, ita ke zama da majinyaci a asibiti, kuma takan tsaya a bakin ƙofa tana kallon masu fararen kaya suna wucewa. Ita ba ta taɓa gaya mini wannan ba, ni ma ban tambaye ta ba.

A ranar da muka yi waccan wayar na zauna a bakin gado har aka kira sallah a masallacin layinmu, aka tayar, aka idar, ban sauka ba. Daga baya na tashi na yi alwala na yi tawa ni kaɗai a ɗaki.